Harajin Ƙura da Rigar da Na Rataye a Ɗaki

Ni ne ba ni da gaskiya, gara in faɗa tun farko. Ina da injin niƙa dutsen zinari a bayan gidanmu a Gummi. Kwamitin unguwa ya sa harajin ƙura: mai niƙa cikin gari ya biya mai nauyi, wanda ya fita bayan gari ya biya kaɗan. Yayana ne ya kawo shawarar. Na tare shi a ƙofar masallaci na ce hassada yake yi mini. Sauran maniƙa suka fita, iska ta washe a sassansu, ni na zauna ina biya don taurin kai. Wata uku ni da Yaya ba mu gaisa ba.

Wata rana mun tashi da asuba ni da abokin sana'ata, za mu Anka sayen bel ɗin inji, amma sai mun biya Yargalma ya duba gwoggonsa. Bas ɗin Bukkuyum ta cusa mu tsakanin buhunan wake da akuya guda, wadda ta ɗanɗana gefen rigata. Duk motar da muka haɗu da ita sai direba ya tambayi lafiyar hanya. A Bukkuyum mun tarar da kasuwa tana ci, muka ci hoce da ƙuli, muka kora da fura. Ɗan kabu-kabu ya tsawwala kuɗi, ya ce laifin fetur ne, muka hau.

A Yargalma ban ji ƙarar inji ko ɗaya cikin gari ba, har shirun ya dame ni. Injinan suna can bayan gonaki, na je na gani. Maniƙan suna jiƙa dutse kafin niƙa, ƙura ba ta tashi. In an tashi aiki kowa ya rataye kayansa a rumfa, ya yi wanka, sannan ya nufi gida.

Gwoggon abokina ta kalli farcena ta ce, "Kai ma maniƙi ne? Ina kake aje rigar aikinka, ɗana?"

Na ce a ƙusa, saman shimfiɗar ɗiyata.

Ta nuna tsakar gidanta. "Wagga ƙasa sabuwa ce. Ta dā kwashe ta aka yi saboda gubar dalma da ke cikin ƙurar dutse. Jikokina biyu a kanta suka yi rarrafe, ba su kai ga tafiya ba suka rasu." Ta miƙo mana ruwa.

Na sha da kyar. Amma na fita garin ina alfahari da mutanenmu. Ba su bar sana'a ba, ba su kuma zauna kuka ba, gyara suka yi. A Anka na sayi bel, na ƙara da ganga biyu ta ruwa.

Tafiyar ta koya mini cewa ba aljihuna harajin ya nufa ba, injina yake kora daga inda yara ke wasa. Da na dawo na cire rigar daga ƙusa, na kai ɗiyata asibiti a gwada jininta, na ɗauke inji zuwa bayan gari. Washegari Inna ta shanya garin dawa a tsakar gida, ya bushe fari tas.

Bayan la'asar na jira Yaya a ƙofar masallacin nan, gaban mutanen da suka ji zagin da na yi masa. Na cire hula na ce, "Yaya, a nan na ci mutuncinka, a nan zan ba ka haƙuri. Ba hassada ka yi mini ba, ɗiyata ka tsare. Don Allah ka yafe mini."