Kakin Jikin Rake

Aji huɗu na yi aka cire ni daga makaranta, don haka kada kowa ya sa ran jin ilimi a bakina. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba na samu aikin wanke kwalabe a wurin wani malamin haɗa sinadarai a Zariya. Ɗaukar gwaji aka yi mini, ga mata da goyo.

Da ya ji ni mutumin Kudan ne, sai ya ce in kawo masa rake dami biyu. Na aika wa baffana. Ranar ɗauka na tarar an kankare kowane kara tas. Haka muke, ba a miƙa wa babban mutum rake da dattinsa.

Malamin ya shafa kara ɗaya, ya dubi yatsansa.

"Ina farin abin nan na jikin gaɓa?"

"Mun kankare, ranka ya daɗe."

"Shi nake nema. In babu shi ran Litinin, zan nemi wani ma'aikacin."

Na koma Kudan. Ɓawon yana bayan rumbu, an tara wa awaki. Na durƙusa ina cusawa a buhu, Baffa ya tsaya a kaina.

"Ɗan nan, bokon ke nan? Ƙwace wa akuya abinci?"

"Shi suke so, Baffa."

"To, mu mu sha rake, masu ilimi su sha ɓawo."

Malamin ya jiƙa ɓawon a wani ruwa mai zafi mai warin kananzir, ya tace, ya bari ya huce. Sai ga wani abu fari fat ya kwanta a gindin kwalba. Ya ce kaki ne, a cikinsa akwai dangin barasa da ba ya bugarwa, ƙwayoyinsa dogaye kamar carbi. Zai ɗaura shi da wani sinadari mai baki biyu, amma baki ɗaya yake so ya kama. Don haka ya yi wa kowane baki murfi daban, sannan ya ɗiga wani ruwa mai ɗan tsami da ke cire murfi ɗaya ya bar ɗayan.

Na leƙa kwalbar. Ruwa ne kawai, ba baki, ba murfi.

"Ranka ya daɗe, wa ya ga an buɗe?"

Da aikin ya kammala, ya nuna mini wani layi a jikin ma'aunin zafi, ya ce in bakin da yake so ne aka buɗe, a nan garin da aka samu zai narke. Na zuba ido. Yana kaiwa layin ya narke. Na yi ta tasbihi a zuci. Abin da muke ba awaki, ashe da tsari Allah ya jera shi.

Bai kore ni ba. Bai kuma ɗaga ni ba. Kwalaben na ci gaba da wankewa har furfura, masu takarda suna zuwa suna wuce ni. Amma har yau in na sayi rake, sai na shafa gaɓar na dubi yatsana kafin in sa wuƙa.