Daƙiƙa Biyar Tsakanin Ɗaki da Ɗaki

A asibitin kowa Mai Allo yake ce masa, har matarsa ta ɗauka, in tana jin tsokana. Da can gyaran rediyo yake yi a wani ɗan shago mai taga ɗaya. Da rediyo ta daina riƙe gida, sai ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya koya wa kansa haɗa shafukan intanet, yana ɗan shekara arba'in da biyu, da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Yayan matarsa, direban motar asibitin, shi ya tsaya masa har aka ba shi gwajin mako guda: ya haɗa allon ɗakin jira, mai nuna lambar majinyacin da kowane likita ke kira. In ya yi kyau, aiki ya zama nasa, in bai yi ba, ya kama gabansa.

Ɗakunan likitoci goma sha biyu ne. Shafin da ya rubuta zai tambayi babbar kwamfutar asibitin lambar kowane ɗaki, ya nuna, ya sake zagayowa. A gida abu ya tafi sumul. A asibiti kuwa, ko minti uku ba a yi ba allon ya yi fari fat. Ashe shafin ba ya jiran amsa, watsa tambayoyin yake yi gaba ɗaya, ita kuma babbar kwamfutar tsohuwa ce mai gajen haƙuri, da an yi mata taron dangi sai ta daina kula shi.

To, sai a sa jira mana. Ya ɗora daƙiƙa biyar a kan kowace tambaya, ya harɗe hannu yana murmushi. Allon ya yi tsit na daƙiƙa biyar cur, sannan duk sha biyun suka fita tare, ya sake yin fari. Agogo sha biyu ya saita a lokaci guda, me zai hana su kaɗa tare? Kwana biyu ya ɓata kafin wannan ya shiga kansa, yana tsaki, yana zargin waya, yana zargin mai sharar da ta goge tebur. Haushi ya hana shi ko buɗe kular abincin da matarsa ta haɗo masa.

Ranar ƙarshe da hantsi ya gano bakin zaren. Tambaya ɗaya za ta fita, a jira amsarta ta iso, sannan a ƙirga biyar, sannan ta gaba ta fita. Layi uku kacal ya ƙara a rubutun shafin. Allon ya yi awa biyu yana aiki lafiya lau.

Sai ga babbar sista, wadda hukunci ke hannunta. Ta tsaya ƙarƙashin allon tana duban agogon hannunta.

"Malam, minti guda fa kafin ya zagayo ɗakin farko."

"Haka ne, ranki ya daɗe. Jiran nan shi ke riƙe da shi."

"Ranar da ka fara ai kamar walƙiya yake. Mayar mana da shi haka."

"Ranar ai minti uku ya yi ya mutu."

"To, ka yi mana mai sauri wanda ba ya mutuwa. Mako guda, abin da ka iya shi ne ka koya wa na'ura nawa?"

Maganar ta yi masa zafi ƙwarai. Ya san da zai cire layin jiran nan, allon zai yi gudu ya burge ta, ta sa hannu a takarda ta wuce kafin ya mutu. Ya dubi mutanen da ke kan benci, kowa riƙe da lambarsa, kai a ɗage, ya ce ba zai cire ba. Ta ce shi ke nan, akwai wani kamfani da zai turo mutum ranar Litinin.

Yayan matarsa ya tare shi a baranda. "Haba ƙanina, layi ɗaya? Ni da wane ido zan dube ta?"

Mai Allo ya wuce shi. Ya koma ɗauko jakarsa. Kafin ya rufe kwamfutar, sai ya zauna, ya gyara tabarau, ya rubuta wa mutumin da zai gaje shi saƙo a saman layukan nan uku: "Ɗan'uwa, za a ce ka cire wannan jiran. Don Allah kada ka cire."