Ranar da Muka Ci 'Yan Matankari

Lisenmu, wato makarantarmu ta sakandare, na bakin gari ne, can inda gidajen Dogon Dutsi ke ƙarewa gonakin hatsi su fara. Yayyenmu sun ce da rumfunan zana aka buɗe shi. Kafin mu zo an gina dogayen azuzuwa biyu na siminti, rufin kwano, tagogin ƙarfe shuɗɗa. Rumfa ɗaya ce ta rage, kuma mu sababbi aka zuba cikinta. Awaki kan ci bangon ajinmu muna zaune, muna kallon bakinsu ta ɓula.

Shekarar da aka gama gini na uku, malamin wasanni, wani siririn mutum da ba ya rabo da usur, ya sa muka rushe rumfar da hannunmu. Ihu muka yi ta yi kamar ranar salla. Ya zaɓi itatuwan da suka fi miƙewa ya ce, "Ga ragarku." Muka tumɓuke kututturan hatsi bayan makaranta, muka kafa itatuwan, muka ɗaure na sama da igiyar kaba. Sai ya gayyato 'yan Matankari su zo mu buga balo, wato ƙwallon ƙafa.

Suka zo cikin mota ɗaya, wasu bisa rufi, rigunansu iri ɗaya. Mu kuwa kowa da tasa, rabinmu ba takalmi. Don kada a ce an yi son kai, malaminsu aka ba alƙalanci.

Rairayi ya yi ta riƙe balo, har wasa ya kusa tashi ba wanda ya ci. Ina da aboki, ɗan makiyayan Dogon Kiriya, dogo, bin shanu ya koya masa gudu. Na hango shi ya ɓalle, na tura masa. Ya doka da dukan ƙarfinsa. Balo ta bugi itacen sama, igiya ta tsinke, itace ya faɗo, mai tsaron ragarsu ya yi ta kansa, balo ta gangara ciki.

"Ta shiga!" in ji mu.

"Ina ta shiga, ragar ma babu?" in ji su.

Alƙali ya sa usur a baki, dariya ta hana shi hurawa. Da hannu ya nuna tsakiyar fili.

'Yan mata suka rangaɗa guɗa. Daraktan makarantarmu, wanda ba mu taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba, ya tattare babbar riga ya sheƙo da gudu, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Muka ɗora abokina bisa amalanken jaki muka nufi gari muna waƙa. Samarin shagunan bakin kasuwa suka yi ta miƙo mana ruwan sanyi.

Na isa gida murya ta dushe. Inna ta dube ni.

"Mi anka ba ku?"

"Ba komi, Inna. Mun dai ci."

"To, wanke ƙafa ka zo ka ci tuwo."