Baba Kolo, Mai Kwanciya Ƙarƙashin Motocinmu

Da an idar da sallar asuba, Baba Kolo yakan sha kokonsa, ya tura tsohon babur ɗinsa har bakin titi kafin ya tayar, don kada ya dami maƙwabta. Kafin rana ta ɗaga ya isa garejinsa da ke kan hanyar Malam Madori, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera sifanoninsa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana haka a garin Haɗeja. Bai taɓa cewa ya iya komai da komai ba. Sitiyari da giyar manyan motoci, nan ya tsaya.

Idan direba ya kawo mota, sai ya ce, "Hau ka kaɗa min sitiyari, dama da hagu, a hankali." Shi kuwa ya shige ƙarƙashi, ya riƙa ɗora tafin hannu a kan kowace gaɓa ta ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, yana laluben inda ya yi sako-sako. Ya matsa giris inda ya bushe. Sannan ya ɗigo man giya a yatsa, ya murza, ya shinshina, ya ɗaga wa rana ya ga ko akwai ƙyallin garin ƙarfe a ciki. Duk wannan yana cin lokaci, direbobi kuwa ba sa son jira. Suka laƙaba masa suna Baba Sai-Anjima. Mu da muke zama a rumfar mai shayi mun sha yin dariyar sunan nan, kuma yau ba ma jin daɗin tunawa.

Hajja Saude, dillaliyar busasshen kifi, ta ce wata rana motar da ta ɗauko mata kaya tana wucewa ta gaban garejin, sai ga shi ya fito yana ɗaga hannu. Kukan giya kawai ya ji. Aka duba, mai ya tsiyaye saura kaɗan. "Da mun kama hanyar Kano a haka," in ji ta, "da kifina ya kwana uku a daji."

Amma wanda ya sa aka yi wannan rubutu shi ne Ɗahiru, direban babbar mota. Ya ce a faɗi labarinsa da sunansa, don ya gaji da ɓoye shi.

Shekara uku da suka wuce, a daminar da kogi ya cika ya shiga gonaki, aka nemi Ɗahiru ya je wani ƙauye a fadama ya kwaso mutane da hatsinsu kafin ruwa ya yanke hanya. Ya biya ta gareji da safe don a sa masa giris. Baba Kolo ya daɗe a ƙarƙashi, sannan ya fito yana goge hannu.

"Ɗahiru, gaɓar hagu ta cinye. Ka ba ni zuwa azahar in nemo sabuwa."

"Azahar? Mutane suna cikin ruwa, Baba!"

"Don su nake faɗa. Hanyar can gefe da gefe ruwa ne."

Ran Ɗahiru ya ɓaci. A gaban direbobi fiye da goma ya ce, "Kai tsoho, kullum sai ka ƙirƙiro cuta inda babu ita. In tsufa ya kama ka, ka koma gida ka huta mana." Aka yi dariya. Baba Kolo ya sunkuya yana tattara sifanoninsa. Ɗahiru ya ja mota ya tafi.

Ana tsakiyar loda buhunan shinkafa a ƙauyen, mata da yara suna jira a gindin bishiya, sai Ɗahiru ya hango wani yana turo babur cikin ruwa har gwiwa. Baba Kolo ne, wandonsa ya jiƙe sharkaf, ya ɗaure sabuwar gaɓar da jakar kayan aiki a wuya don kada su nutse.

Bulama, shugaban ƙauyen, ya tarbe shi. "Lafiya, Malam?"

"Lafiya lau. Aikin da muka fara da safe na zo ƙarasawa."

Bulama ya juya ya dafa kafaɗar Ɗahiru. "Allah ya yi maka albarka, direba. Ashe har bakanike ka sa ya biyo ka saboda mu." Mutane suka ce amin. Ɗahiru ya buɗe baki, ya mayar ya rufe. Ya karɓi addu'ar da ba tasa ba.

Baba Kolo ya kwanta cikin caɓi, ya kwance tsohuwar gaɓar. Da ya fito, sai ya ja Ɗahiru bayan mota inda ba mai gani, ya miƙa masa ita. Ɗahiru ya ɗan murɗa ta da hannu, kan ƙarfen ya zame daga kwarminsa ya faɗi ƙasa. Ya tsaya yana kallonsa. Ya san da hakan ta faru a kan hanya, sitiyari zai riƙa juyawa a hannunsa ne kawai, tayoyi su nufi inda suka ga dama, da mutum arba'in da bakwai a bayansa.

"Tafi a hankali," Baba Kolo ya ce. "Giya ta biyu ta ishe ka har titi."

Kowa ya iso Haɗeja lafiya. Ɗahiru kuwa bai sake taka garejin ba. Ba fushi ya hana shi ba, kunya ce. Shekara uku yana zagayawa ta wata hanya don kada su haɗa ido. Duk sanda mutanen ƙauyen suka gan shi a kasuwa suka yi masa godiya, sai ya sunkuyar da kai ya wuce.

A watan jiya labari ya zo cewa Baba Kolo ya ajiye aiki, gwiwa ta hana shi durƙuso, ido kuma ya fara yin hazo. Ɗahiru ya je gidansa bayan la'asar, ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a gefen tabarma.

"Baba, Ɗahiru ne. Na zo ka yafe min maganar da na faɗa maka, da shirun da na yi a gaban Bulama."

Dattijon ya ce, "Maganar ta yi min zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma na yafe tun a hanya, ina tura babur. Abin da ya fi damuna shi ne shekara uku ban san wa yake duba maka motar nan ba."

Ɗahiru ya ce a nan ne hawaye ya ƙwace masa.

Kai ne, Baba Kolo, wanda muka yi wa dariya yana kwance cikin ƙasa don mu isa gida. Kai ne aka zaga da safe, da rana ka rufa wa mai zagin asiri. Baƙin hannu, farin ciki ga matafiya. Waɗanda ka tserar ba su san sunanka ba, mu da muka sani kuma muka yi shiru, har sai da ƙarfinka ya ƙare. Mun gode, kuma muna neman afuwa. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku masu gyara, ku faɗa wa direba gaskiyar motarsa ko da zai ɓata rai. Ku direbobi, in an ce ku jira, ku jira. Ranar Juma'a mai zuwa Ɗahiru zai koma ƙauyen nan, ya tsaya gaban Bulama da jama'a bayan an sauko daga masallaci, ya gaya musu wanda ya kamata su yi wa addu'a.