Takalman da Ba Su Taɓa Likkafa Ba

Shekaranjiya na jawo takalmina daga ƙarƙashin gado, sai warin funfuna ya bugi hancina. Duk wanda ya yi damina a Libreville ya san warin nan. Ni kuwa kakana ya faɗo mini a rai, har na zauna bakin gado na kasa ɗaura igiya.

A unguwar Sotega aka haife ni, a gidan haya mai rufin kwano, butik ɗin kakana, wato shagonsa, a gaba, mu a baya. Tsoho muke ce masa. Mutumin wani ƙauye ne gabas da Damagaram, kuma kafin fatauci ya jefo shi bakin teku, a kan doki ya yi ƙuruciyarsa, yana bin kasuwanni da kanwa da fatu. A nan kuwa shinkafa da sabulu yake sayarwa, da silifas na roba a ƙafa, ɗaya ma an ɗaure shi da waya. Ka ce ya sayi takalmi, sai ya ce na me, daga butik zuwa masallaci?

To mutumin nan ne fa ya aika gida wani baduku ya ɗinko masa takalman hawa. Dogaye har gwiwa, jar fata mai laushi, an ninka ta daidai inda likkafa ke cin ƙafa. Ko tayi bai yi ba, abin da badukun ya yanka shi ya aika. Ranar da suka iso kakata, Iya, tana tara kwanoni ƙarƙashin yoyo. Ta dubi takalman, ta dubi rufin.

"Alhaji, garin da ko jaki babu? Taksi za ka hau da su?"

Ni ya jawo, ya ce, "Abokina, saurara. Mahayi, riga da wando ko na gwanjo sun ishe shi, doki bai san ado ba. Amma abin da ke tsakanin ƙafarka da likkafa, ba a yi masa rowa." Niyyarsa ɗaya ce: ya miƙa wa babana butik, ya koma gida, ya sake hawa ko sau ɗaya kafin ƙasa ta rufe masa ido.

Sai ya yi musu ajiya irin ta gida. A can, abin da ke kashe fata bushewa ne da gara, don haka ya shafe su da man shanu har suna naso, ya naɗe da tsumma, ya ƙara da leda, ya ɗaure tam, ya jefa ƙasan akwatin ƙarfe ya danna kwaɗo. Ya hana a buɗe, wai kada iska ta shiga. Wayyo, Tsoho! Da ma iskar ya bari ta shiga.

Badi zai tafi. Badin ta zo, ana biyan kuɗin lakkwal ɗinmu, makarantar boko, ta koma wata badin. Wata shekara auren gwaggona, wata shekara takardun zama. Damina ta bi damina, ruwa na dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai, bango na gumi, gishiri na narkewa a kwalba. Shi dai in ciniki ya lafa, sai ya ɗora ni a kan buhun shinkafa yana gyara mini zama: matse gwiwa, sake kafaɗa, kada ka dubi ƙasa. Iya ta leƙo ta ce, "Angona, yi a hankali kada dokin ya fashe."

Na fara gemu kafin babana ya shigo da tikitin jirgi ya ajiye masa a cinya. Ranar Tsoho har da 'yar waƙa. Bayan la'asar ya sa na jawo akwatin tsakar ɗaki, ya buɗe da hannunsa. Warin ne ya fara fitowa. Da ya kwance ledar, babu sauran ja, sai kore da toka. Ya kama ɗaya ya ɗaga, tafin ya zauna a akwati, wuyan ya biyo hannunsa kamar jiƙaƙƙen kwali.

Babana ya ce ai badukai ba su ƙare ba, in ya isa a ɗinka sababbi. Tsoho ya dubi ƙafafunsa, kumburarru, waɗanda silifas ma da ƙyar suke shiga, ya ce, "Bar shi. Ashe garin nan ya daɗe yana cin mu ban sani ba."

Iya ce, wadda ta fi kowa yi masa tsiya, ta kwashe su ta fita. Kwana da kwanaki tana zaune a baranda da wuƙa da tsumma tana kankara, in rana ta leƙo ta shanya, in hadari ya taso ta kwashe. Ta san ba za su gyaru ba. Na gan ta tana share ido da gefen zane. Jikin Tsoho bai sake yarda da tafiya ba, aka mai da tikitin. A ƙasar nan mai ruwa muka binne shi, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Yanzu 'yata na koyon hawa a wani fili bayan gari, da malamin da ke mata magana da Faransanci. Ba ta san kalmar likkafa ba sai da na gaya mata. Wandonta a gwanjo na tsinto, amma hular kwano da takalma ban yi tayi ba. Da muka dawo da su gida ta rungume kwalin ta ce za ta ajiye sai ranar gasa, kada taɓo ya ɓata su.

Na karɓe kwalin, na zaro takalman, na jefar da shi a shara. Ana ruwa a lokacin. Na ce, "Saka su, Mamana. Yau za ki hau."