Ranar da Baba Ya Kira Ni Malam

Jiya na ga wani mahauci yana kankare kututturen saran nama, sai Baba, mahaifina, ya faɗo mini a rai. Shi ma kullum in kasuwar Wara ta watse, sai ya kankare nasa da wuƙa, ya barbaɗe shi da gishiri. Har yau ina jin ƙarnin kitsen hannunsa.

Lokacin Wara tana cikin jihar Sakkwato, ina sabon malamin dabbobi, likitoci biyu suka zo binciken ƙwayoyin cutar da ke shiga nama. Ni na zaga da su rumfuna. Da muka iso wurin Baba, rigarsa duk jini, ɗayansu ya tambaye ni ko na san tsohon.

Na ce, "Cikin mahautanmu yake."

Baba ya dube ni, sannan ya matsa gefe suka goga audugarsu a kututturen, suka jefa a kwalba. Da za mu wuce, ya ce, "Malam, a gai da mutanen gida."

Har ya rasu bai taɓa tayar da zancen ba, ni kuma kunya ta hana ni neman gafararsa.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba. Ranar haɗuwa, Allah ya sa ka kira ni da sunana.