Hotuna Ukun Lorene Tackett

Da hantsin Talata, 14 ga Oktoba, 1969, Orrin Tackett ya bugo mini waya daga Lancaster ya ce matarsa Lorene ta cika. Na zauna da wayar a hannu har layin ya yanke. Daga Allah muka fito kuma gare shi kowa zai koma, amma na so a ce kin jira ni mako guda, Lorene.

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka yi aiki tare a filin gwajin jirage da ke bakin wani busasshen tafki, lokacin da nake tuƙa jirgin gwaji mai fiffike kusurwa uku. Aikinmu shi ne gano yadda iska ke bin fiffike idan jirgi ya zarce gudun sauti. Dabarar ba ta wuce zaren ulu ba: a yanka shi guntu-guntu, a manne a fiffike da salatif, kyamara ta ɗauki yadda yake kaɗawa. Ni in tashi minti goma sha biyu, in sauko a yi mini tafi. Ke kuma ki kwashe mako biyu a ɗaki marar taga, kina bin fim ɗin hoto bayan hoto har idonki ya yi ja.

Da kika ga zaren da aka ba mu ba ya fita sosai a fim, sai kika warware baƙar suwaitar da kike saƙa wa Orrin kika kawo mana. Bawan Allah haka ya ci sanyin shekarar. Duk matuƙin da ya tashi bai dawo ba, ke ce ta farko a ƙofar matarsa da tukunyar miya, ke ce kuma mai komawa bayan kowa ya manta.

Ana gobe babban gwaji kika same ni a ɗakin cin abinci da hotuna uku.

"Kyaftin Brack, zaren bakin fiffike ya juya baya. Ka kai wannan gudun ka karya kwana, hancin jirgin zai ɗaga, kuma ba zai saurare ka ba."

"Haba Madam, hoto uku cikin dubu tara? Ki koma kan saƙarki, ki bar mana sama."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Sai kika jawo safar hannuna kika rubuta lambar gudun a bayanta. "To, sarkin sama, ga shi nan, tunda kan ya cika."

Washegari, da allurar ma'aunin gudu ta doshi lambar, idona ya faɗa kan rubutunki, na sassauta kwanar. Duk da haka hancin ya miƙe kamar doki ya yi tutsu, da ƙyar na shawo kansa. Da na karya kwanar yadda na yi niyya, da a buhu za a tattaro ni.

Rahoto ya fito da sunana da na injiniyoyi biyu, babu naki. Na karanta, na gani, na sa hannu. Girman kai ya hana ni taka ɗakinki, daga baya kunya ta karɓe shi. A watan Agustan bana na ji kina kwance, idon ma ya tafi, na yi ta cewa sai mako mai zuwa.

A maƙabarta na tambayi Orrin ko kin taɓa yin zancen. Ya ce sau ɗaya, da ya yi ta faɗa a kan rahoton, kika ce masa, "Rabu da shi, Orrin. Ba ga shi can yana yawo da ƙafafunsa ba?"

Safar tana nan a wurina, tawadar ta kusa gogewa. Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da abin da muka hana ki. Orrin, kai da 'ya'yanku Della da Russ, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. 'Ya'yana uku duk bayan ranar gwajin nan aka haife su. Na gode, Lorene, ki yafe mini.